Sunan Habiba da Ka Ɓata

Zuwa ga Sale direba,

Assalamu alaikum, ko da yake na san ba za ka amsa ba, ba kuma za ka karanta ba. Da ranka ma yaushe ka taɓa sauraron mutum?

Gida lafiya, in ana kiran wannan lafiya. An sayar da motarka a tashar Unguwa Uku. Habiba na takaba, duk ta rame. Ƙannenka mata sun zo daga Hotoro, ko ruwan randarta ba su sha ba. Ka san dalili. Kai ka gaya musu ita ta sa maka ciwon sanyi.

Ƙanwata ce fa, Sale. Ni na ba ka aurenta tun ana noman dawa a Darmanawa. A ɗakinka ta yi furfura, sannan ka jefe ta da wannan?

Da fitsari ya fara yi maka zafi, yana fita kaɗan-kaɗan, me ka yi? Ka sayi jiƙo wurin mai lasifika a tasha. Ka karɓo kafso a kemis, zafi na lafawa ka watsar da sauran. Ruwa kuwa ba ka sha, wai kada ka tsaya da fasinja a hanya. Na ce mu je asibiti, ga shi nan kusa da mu, ka ce ba yarinyar da za ta karɓi fitsarinka a kwalba. Sai da zazzaɓi ya kayar da kai, kana rawar ɗari kana riƙe da kwiɓi, muka kwashe ka.

A gabana aka yi awon fitsari da hoton ciki. Ban taɓa zama a aji ba, amma na gane likita sarai. Wata tsoka ce ta kumbura saboda tsufa ta tare hanya, fitsari ya kwanta a mafitsara, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa suka hau ƙoda. Ba ruwan mace a ciki. Da ka zo da wuri, da magani ya yi. Da kunnenka ka ji. Habiba na bakin ƙofa da kwanon kunu. Me ya hana ka kira ta? Damuwarka kawai kada a ji an sa maka robar fitsari, har ka sa na rantse ba zan faɗa ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Ranar jana'izarka, da liman ya ce a yafe maka, ban buɗe baki ba.

Ranar sadakar arba'in zan miƙe gaban ƙannenka da 'yan tasha in faɗi duk abin da likita ya ce, har robar. Rantsuwar zan yi mata kaffara. Kai an rufe ka, ita ce za ta ci gaba da shiga cikin mata.

Allah ya jiƙanka. Tawa yafiyar sai Habiba ta yafe.

Ni ne yayan matarka,
Ilu na Gyadi-Gyadi