Jaridun Jérémie a Cikin Ganga

Litinin, 5 ga Satumba

Injin ɗaukar hoton takardu ya iso. Daga Montréal aka aiko shi, ya shigo garinmu Jérémie a bayan motar siminti. Tare da shi wata mata daga ɗakin karatu na Dakar, Madam Sokhna, wadda za ta koya mana aiki da shi. Doguwa, ba ta da surutu. Na kai ta benen ɗakin karatunmu inda muke ajiye tsofaffin jaridun garin nan, ta ɗaga kai ta dubi ruɓaɓɓen kwanon rufi, ta wuce wurin jaridun kamar ba ta gani ba. Na gode mata a zuci.

Tsarin dai, mu ɗauki kowane shafi, a haɗa da na Dakar da Brussels da Montréal, kowa ya karanta daga inda yake. Injin aro ne, ƙarshen Nuwamba zai wuce wani gari. Ni kuwa Disamba zan ajiye aiki in koma wurin 'yata Wideline a Kanada. Abin bai takura kowa ba.

Laraba, 7 ga Satumba

Abokiyar aikina Guerdine ta kama injin kamar da shi aka haife ta. Ni in sauko da jaridu, ita ta ɗauka. Mèt take ce mini, wato malam.

"Mèt Anténor, zo ka danna ko sau ɗaya mana, ba ya cizo."

Na ce shekara talatin ina kaɗe wa jaridun nan ƙura, ban ga mai hawa neman su ba sai gara. Yanzu mutanen ƙetare na so, to Allah ya ba da sa'a. Ta ce ni da gara duk ɗaya, a nan muka tsufa.

Juma'a, 16 ga Satumba

Guerdine ta tono wani ƙunshin waƙoƙin masunta da wani fadan coci ya buga da Kiriyol, harshenmu na gida, tun zamanin kakanni. Na tuna mata cewa yarjejeniya ta ce rubutun Faransanci. Ta dubi Madam Sokhna. Matar ta ce su ma a Dakar suna da irin wannan rigima da Wolof na ajami. Sai ta ƙara, "A takarda Faransanci aka ce. Amma injin bai iya karatu ba."

Sun ɗauka. Ni ban ga komai ba.

Alhamis, 22 ga Satumba

Zafi. Gwiwa. Tonmtonm, tuwonmu na nan, da miyar kuɓewa a wurin Sò Philomise mai abinci, gishiri ya yi yawa.

Alhamis, 29 ga Satumba

Madam Sokhna ta tafi. Intanet ɗinmu ba ya iya ɗaukar hotunan, don haka a faifai ta tafi da su cikin jakar hannunta. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ke bene, ko ƙasa da haka. Guerdine ta raka ta tasha, ta dawo ido ja, wai hayaƙin mota ne.

Litinin, 3 ga Oktoba

Rediyo na ta maganar guguwa tun shekaranjiya. Kowace shekara haka suke. Amma yau masunta sun ja kwale-kwalensu har bakin titi, su kuwa ba sa wahalar banza.

A ɗakin karatu, ƙasa teku zai shiga, bene rufi ba abin dogaro ba. Guerdine ta tuna da gangunan roba uku da Wideline ta aiko mini da shinkafa da mai. Muka juye, muka mirgino su. Nan aka fara gardama.

Na ce injin za a fara sakawa, kayan mutane ne, ni na sa hannu na karɓa.

"Kayan mutane! Su suna da irinsa ɗari. Jaridar 1890 fa, wa ke da irinta?"

"Ban sani ba, 'yata. Abin da na sa wa hannu na sani."

"Kai dai ka riga ka tafi Kanada, jikinka ne kawai a nan."

Ba ƙarya ta yi ba. Injin ya cinye ganga guda. Biyun ta cika da waɗanda ba a ɗauka ba tukuna, mafi tsufa a fara. Sauran muka lulluɓe da tamfol, muka danne da bulo. Ta tafi wurin mahaifiyarta can kan tudu, ni na zo gida.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ina raye.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Babu ganye ko ɗaya a kan bishiya a garin nan. Daga ƙofata ina hango gidajen da ban taɓa sanin akwai su ba. Rufina rabi ya tafi. Sò Philomise ta rasa jikanta.

Guerdine, ginshiƙi ne ya faɗo mata a ƙafa tana janye uwarta. Jiya aka ɗauke ta a jirgin masu agaji zuwa Port-au-Prince. Ban gan ta ba, maƙwabcinsu ne ya faɗa mini. Wai tana ta zagi har aka sa ta ciki, alamar da sauran ƙarfi.

Na je ɗakin karatu. Bene babu rufi, babu tamfol, bulon ne kawai. Jaridun sun zama kamar ƙullun koko, wasu a manne da bangon makarantar da ke bayanmu. Gangunan suna nan, ɗaya a kwance. Na buɗe. Injin lafiya lau. Ganga ta biyu a bushe. Ta ukun da ta faɗi, murfin ya ɗan goce, ruwa ya shiga har rabi.

Na rufe na dawo. Mutane kwanon rufi suke nema da ruwan sha, wa zan gaya wa zancen jarida.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Ganga ta uku ta fara wari. Na fito da jaridun na shanya a matakalar coci, don kawai kar warin ya dami masu kwana a ƙasan ɗakin karatu, iyali huɗu ne yanzu. Wata mata ta nemi in ba ta ta hura gawayi in sun bushe. Na ce ta jira tukuna.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Waya ta dawo. Saƙon Wideline jere, kuka da faɗa, in taho yanzu, me nake jira har Disamba. Na ce ina dubawa.

Sai na Madam Sokhna. Duk abin da ta tafi da shi ya hau, ana karantawa. Wani ma'aikaci a Brussels ya ga sunan jaridarmu, ya duba nasu, ashe suna da na shekara shida da wani ɗan kasuwar kofi ya kai can tun da. Daga cikin waɗanda iska ta kwashe ne. Za su ɗauka su sa kusa da namu. Montréal kuma sun ce injin ya zauna har sai mun gama.

Wai sai mun gama. Ni da wa?

Talata, 25 ga Oktoba

Baƙin ɗigo ya fara fitowa a shafukan da suka jiƙe. Na san shi, fumfuna ce. Mako biyu, uku, rubutu ya tafi.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Na kira Guerdine don in gaishe ta. An sa mata ƙarfe a ƙafa, sai wata uku. Muna cikin magana na tambaye ta, haka kawai, wace waya ce ke shiga bayan injin.

 Sai dariya, har na ji wata a gefenta na cewa ta yi a hankali.

"Mèt, kai ne? Ko aljani ya ɗauki wayarka?"

"Tambaya ce kawai."

"Shuɗiyar. Ba baƙar ba, tsoho, shuɗiyar! Kuma kar ka lashi yatsa ka buɗe shafi, na san halinka."

Mai gyaran babur na kusa da mu yana da janareto, ya ba ni wuta da safe. Shafin farko ya fito a karkace, da babban yatsana a ciki. Na aika mata. Ta ce a bar shi haka, duniya ta ga yatsan.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Ranar matattu. Kowa na maƙabarta, ni ma na je na kai wa marigayiya matata kyandir. Da rana na ɗan biya ta wurin aiki. Shafukan a manne suke, sai da bakin wuƙar tebur, a hankali. Wasu na rabuwa, wasu a'a. Akwai labarin gobarar kasuwa da rabinsa ya bi ruwa, ban san ko an kashe ta ba.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Wideline ta samo tikiti na sha biyu ga Disamba. Na ce ta ɗaga zuwa bayan sabuwar shekara, ko Fabrairu, sanyin can ba zai yi wa gwiwata daɗi ba. Ta ce tun yaushe na fara tsoron sanyi. Na ce wayar ba ta fita sosai.

Yau wani jami'in agaji ya shigo ƙirga masu kwana a ƙasa. Ya ga shafukan da na jera a tebur, ya miƙa hannu zai ɗaga ɗaya, hannun da ya gama cin mangwaro da shi. Na daka masa tsawa. Har mai janareto ya leƙo ya ga ko lafiya. Mutumin ya ba da haƙuri sau biyu, ya fita da baya.

Ban san ina da irin wannan muryar ba.

Saura rabin ganga. Gobe in fito da wuri, kafin rana ta haye taga.