Na sayar da injin ban-ruwa, na sayo zarto

Matamaye, ran Laraba.

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Arlit. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare ka a wurin aiki. Mu nan jiki lafiya lau. Inna tana fama da ƙafa kamar kullum, ta daina zuwa garka, wato lambunmu na rake, matata Najaha kuma ta yaye goyonta.

Yaya, na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga bakina. Injin ban-ruwan da ka saya mana, na sayar da shi bayan Sallah. Na ga masu zarton inji suna samun aiki a Kurni da Yauri, sassabe da datse itacen da iska ta kayar, sai zuciyata ta raya mini in yi wata biyu da zarto, in sayo wani injin kafin rake ya ji ƙishirwa. Na tafi kasuwar bakin iyaka na sayo wani zarton inji na hannu. Mai shi ya tada shi a gabana, ƙararsa ta cika kasuwa, ni kuwa na dinga washe baki kamar an ba ni sarauta.

Sarƙarsa ta cinye, na kai wa Mustafa bakanike ya sake, ya wanke shi fes. Da ya tambaye ni ko na iya aiki da shi, na ce shekarata tara ina tada inji. Ka san ni da girman kai. To injinmu na garka, esansi, wato fetur, zalla ake zuba masa, baƙin mai yana da nasa wuri daban. Haka na yi wa wannan. Ashe shi sai an gauraya masa su a kwalba ɗaya. Ban gama datse kututture na biyu ba ya yi zafi, ya shaƙe, igiyar ta ƙi jawuwa.

Mustafa ya buɗe shi, ya nuna mini fistan ya ƙone, ya kankare ciki duka. Ya ce irin wannan tsoho ne, an daina kawo kayansa. Ya nema a Damagaram, ya aika Kano, abin da aka kawo bai shiga ba. Sau uku muna haɗawa muna kwancewa. Yanzu yana cikin buhu a bayan rumbu, ko kallonsa ba na so.

Na koma guga, ni da Najaha, amma hannu huɗu ba su shayar da garkar Baba. Raken ya bushe daga gabas, saura kunya uku, su ma sun fara ja. Ban ga hanyar da za su kai kaka ba, kuma gaskiya raina ya mutu. Ban rubuto don ka aiko da komai ba, ba ni da idon da zan roƙe ka.

Inna ba ta sani ba. Ta dage sai an aika maka raken fari kamar kowace shekara, ita da kanta ta ɗaure damin. Direba zai kawo maka ran Asabar. Ka sha, ka kira ta ka ce ya yi zaƙi. Amma a kasuwa na saye shi, Yaya.

Ka gaida Anisa da yara, da Kawu Shekara. Inna da Najaha suna gaishe ku.

Ƙaninka mai jin kunyarka,
Yunus