Danƙon Hadiza

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Ikko, ya Anti Rabi da yara? Da fatan kowa lafiya. Mu nan Kebbe sai godiya, gero ya yi kyau bana.

Yaya, ga abin da ya faru. Ka san halin ɗiyata Hadiza, ba ta da aiki sai harbin tsuntsaye da danƙo da kokawa da maza. To, kwanan nan muryarta ta fara kauri, gashi ya fito mata a hammata, yarinya 'yar shekara bakwai! Muka hau mashin sai asibitin Tambuwal, su kuma suka tura mu Sakkwato.

Da aka gwada jininta, likita ta ce wai tun tana cikina wani ɗan abu da ke saman ƙodarta yake zuba mata sinadarin maza fiye da kima. Na ce, "Likita, har da danƙon?" Ta ce, "Irinsu da yawa wasan maza suka fi so. Magani zai daidaita jikinta, amma wasanta ku bar mata."

Innalillahi! Shekara fuɗu ina dukan yarinyar nan. Kai ma na ɗora maka laifi, na ce ƙwallon da ka sayo mata ce ta lalata ta. Ka yafe mini.

Muna dawowa na ɗauko danƙonta da na ɓoye a rumbu, na miƙa mata. Yaya, kare fuskarta ta yi da hannu, ta zaci duka ne.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Asabe