Na Katse wa Kaka Magana

Daren Talata, Makera.

Yau na saita tabulet ɗin ɗiyata Godiya ya riƙa kulle kansa da faɗuwar rana, ko ta rage kallon katun. Na manta lokacin ne kakarta ke hawa tudun bayan coci a ƙauye neman sabis don ta kira mu. Tana cikin koya wa yarinyar waƙa da yarenmu, allon ya yi baƙi. Na danna nan, na danna can, sai tambayata yake wai ni ce uwar? To da wace ce?

Sai ga kiranta a wayata: "Maman Godiya, laifi na yi?"

Na ce, "A'a Mama, na'urar ce ta katse."

Sai ta ce, "To wa ya sa ta?"