Kwalaben Kakarka da Maganin Mashaya

Kwarin Huon, Tasmania,
cikin watan Afrilu.

Zuwa ga jikana Jarrod,

Kafin gaisuwa ma, ga kacici-kacici, tunda kana tutiyar kai ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Mene ne abin da ƙato ke haɗiye babba don ya daina buɗe kwalba, tsohuwa kuma ta haɗiye ɗan mitsitsi don ta iya buɗewa? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, ja'iri, na san halinka.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da kai da abokan aikinka a ramin ƙarfen nan na Pilbara. Allah ya tsare ka daga zafin wurin da manyan motocin da kake tuƙawa, ya kuma ba ka matar da za ta iya da cinka. Mu nan lafiya lau. Jaririn ƙanwarka Tahlia ya fara haƙori, yana cizon kowa, har fasto bai tsira ba. Tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa na taɓa ƙasa. Ka kuma dubi rubutun nan da kyau. Hannuna ne, ba na Tahlia ba. In ya karkace, dama can a karkace yake tun ina 'yar makaranta.

To, sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na san ubanka Graeme ya kira ka, ya ce ka lallashe ni in bar gidan nan in koma gidan tsofaffi a Hobart. Kai da sai Kirsimeti ake jin muryarka, kwatsam ka bugo waya kana tambayata me nake sha da yamma! Ruwa ba ya tsami banza. Shayi nake sha, ɗan nema, kamar yadda nake sha tun kafin a haifi ubanka. Amma tunda an kai maka rabin labari, zauna ka ji cikonsa.

Ka san ciwon gaɓoɓin da ya murɗe mini yatsu. Likita ta ce garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙata, ni kuwa na ce ashe irin karen kakanka ne, wanda ya bar dila ya ciji mai gida. Babban likita na Hobart ya ɗora ni kan magani mai ƙarfi, na mako-mako, ya kuma taimaka, ba zan ci amanarsa ba. Sai dai zogi da gajiya sun ƙi tafiya. Bara ina kallo ta taga tuffa ta zube ta ruɓe, ban ɗura ko kwalba ɗaya ba, ni da nake ciyar da rabin cocinmu da dafaffiyar tuffa. Famfo ma sai da gwiwar hannu nake murɗawa.

A ɗakin jiran asibiti wata mata ta gaya mini akwai wani magani da aka yi shi don wata cuta daban, amma wasu masu irin ciwonmu na shan ɗan kaɗan daga cikinsa. Na kai wa likitarmu, Dokta Wijesekera, maganar. Yarinyar nan ba ta iya yaudara ba. Ta ce mini ba don ciwona aka yi shi ba, binciken da aka yi kaɗan ne, wasu sun ce sun ji sauƙi, wasu ko a jikinsu. Na ce mata 'yata, ni ma ba don tsufa aka yi ni ba, ga shi ina yi. Ta yi dariya, ta tuntuɓi babban likitan, sannan ta kafa mini sharaɗi biyu: kada in kuskura in ajiye tsohon maganina, kuma sai na rabu da ƙwayar kashe zafi mai sa maye da nake sha tukuna, don su biyun ba sa zama ciki ɗaya. Rabuwar nan ta ba ni wuya, amma na yi. Da yake ba a sayar da shi ƙanana haka, wani kantin magani a birni ke auna mini, su aiko ta gidan waya. Abin da ya fara kawo mini mafarkai ne. Na ga kakanka Des da gashi cike da kai, mutumin da na aura da sanƙo! Bayan 'yan watanni sai na lura ina ɓalle maɓallin riga ban yi tsaki ba.

Nan fa allura ta tono garma. Maƙwabciyata Glenys, wadda ke ba ka alewa a ɓoye kana ƙarami, ta shigo aron sukari, ta ga kwalbar maganin a kan taga, ta karanta sunan, sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe shi ne aka ba marigayi mijinta Kev don ya bar giya. Sai ta tafi ta gaya wa ubanka can Hobart, wai kaɗaici ya kai Noelene ga kwalba, magana kuwa ta zaga gari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni Noelene, da ko ranar aurena ruwan lemo na sha! Ranar Lahadi wajen shayin coci na miƙa hannu zan yanki kek ɗin nan da ake jiƙawa da ɗan barasa, sai wata ta janye farantin, wai ai biskit ya fi daɗi. Fasto ya riƙe hannuna ya daɗe, yana cewa ƙofarsa a buɗe take. Na ce to ya rufe, sanyi na shigowa.

Da rana sai ga ubanka. Ya sumbace ni yana shinshina bakina kamar karen 'yan sanda. Ya ce zai duba injin yankan ciyawa, na ji shi yana bincike a rumfar baya, ya kuwa ci karo da akwatunan kwalabe wayam da na tara don tuffa. Ya dawo ido ja, ya ajiye mini takardar gidan tsofaffin, mai hoton wasu tsofaffi suna dariya kamar an biya su. Ya ce Mama, ga hannu ba ya aiki, ga kuma wannan, ba zai iya barci ba in ina nan ni kaɗai kusa da murhu. Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in mare shi da cokali. Na ce ya dawo Asabar, ya zo da Glenys.

Ranar Asabar na zaunar da su a kicin, na hana su taɓa komai. A gabansu na fere tuffa, na yanka, na dafa, na ɗura. A hankali nake yi, ban ce maka na koma budurwa ba, sau biyu wuƙa ta suɓuce. Ubanka ya yunƙura, na ce in ya tashi sai na ba Tahlia labarin ranar da ya yi fitsari a motar makaranta. Da na gama sai na ɗauko kwalbar tsamin albasa da Glenys ta ba ni tun Kirsimetin bara waccan. Ta sha tambayata ko ya yi daɗi, ni kuwa ban taɓa iya buɗe ta ba. Na rungume ta a ƙirji, na murɗa, murfin ya yi ɓas. Glenys ta fashe da kuka. Ta ce ita dai sunan ta gani, sai ta tuna Kev kwance a ƙasa a buge, ta ji tsoro kada ta rasa ni yadda ta rasa shi. Na ce tsohuwar banza, da bakinki ya tsaya a kicin ɗina ai da bai je Hobart ba. Muka ci albasar tare da cuku.

Ubanka dai taurin kai gado ne, ka san inda ya samo. Ya ce ta yiwu ɗumin bazara ne ya sassauta mini yatsu, ba maganin ba. Na ce ya makara, likita ta riga shi faɗa, har ta ƙara da cewa ta yiwu tsohon maganin ne ya kama sai yanzu. Ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Sanyinmu na watan Yuni na tafe, shi zai raba gardama. In ya kayar da ni, ni da kaina zan ɗaure kayana, in zaɓi ɗakin da taga ke kallon kogi. Amma ba za a fitar da ni daga gidan da Des ya gina a kan ƙaryar giya ba, ba kuma za a hana ni gwada abin da likitata ta yarda da shi ba don sunansa na ba mutane kunya. Jikin nawa ne, zogin ma nawa ne. Na ba shi izini ya je ya ga likitar da kansa. Ya je. Ya dawo bai haɗa ido da ni ba, da ƙarfen riƙewa a hannu, ya kafa mini a banɗaki, ya faskara itacen da zai kai ni bayan sanyi. Takardar gidan tsofaffin kuwa na ninke ta na tokare ƙafar teburin nan mai rawa. Ta yi amfani ƙwarai.

Saboda haka ka huta da lallashi, ba ka iya ba ma. In kana son taimako, ka zo hutu ka gyara mini rufin rumfa. Na sa maka kwalba biyu na tuffar a gidan waya. In ka kasa buɗewa, ka aiko mini da su.

Tahlia da mijinta Brodie suna gaishe ka, da mai cizo. Glenys ta ce a gaishe da yaronta. Ubanka ma na gaisuwa, ko da yake bai san na tona shi ba. Ka gai da ɗan gwaggonka Kieran, ka ce masa ina sane da bai rubuto ba. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Kakarka mai ƙaunarka,
Noelene.

Amsar kacici-kacicin: sunansa naltrexone. Kev ƙwaya guda cur yake sha. Nawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasa ba, kuma yana nan a kan taga, inda duk wanda ya shigo zai gani.