Tafin Hannun Gajere

Hayyus Sabi'i, Alƙahira

Zuwa ga 'yata Batulu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ɗanmalam ɗalibi ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Shekara guda kafin yaƙin da ƙasar nan ta yi cikin watan azumi muka fara ganin mutumin nan na Japan a talabijin ɗin mai shayi. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, ni Gajere nake ce masa. Ya kama sandar ƙarfe, ya yi ta juyi a sama, ya saki, ya dira kamar an dasa shi. Har zinare suka rataya masa. Daga nan hotonsa ya shiga shagon aski da bayan motocin haya, yaran unguwa kowa na lilo a ƙarfen taga.

To, yanzu ya bar gasa, ya zo nan yana koyar da wasan, gumbaz suke kiransa. Abin da aka tsegunta miki gaskiya ne: ɗanki Abdussalam yana zuwa. Ni na kai shi.

Mahaifinki,
Sabo

*

Kano

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya.

Baba, karatu na tura yaron nan ya yi a hannunka, ba alkafura ba. In ya faɗo ta ka fa? Ina roƙonka ka hana shi. In ya gagara, a sako mini shi jirgi da hutu.

'Yarka mai biyayya,
Batulu

*

Batulu,

Mun gaishe ki. Ma'alish, wato ki yi haƙuri, amma ba na hana shi, jirgi kuma ba ya hawa.

Faɗuwa kike tsoro? Ran Juma'a Gajere ya yi wasa gaban jama'a, wuri ya cika har da masu leƙe ta katanga. Girma ya fara kama shi, hannu ya zame, sai ga shi tim a katifa. Ya tashi, ya rusuna, ya ce a sake ɗaga shi. Ya ƙarasa. Tafin da aka yi masa ya fi na zinaren.

Da muka gaisa na juya tafin hannunsa. Kanta ce jere, irin ta kakanki Muhammadu mai haƙar rijiya. Tun ina yaro da hannu nake gane mutum. Mai irin wannan hannu ba ya wasa da ɗan wani. Wata biyu yana koya wa yaron yadda ake faɗuwa kafin ya bar shi ya taɓa ƙarfe.

Hadda kuwa yaron ya kai surar Maryama. Hannunsa ne dai duk ya tsattsage.

Sabo

*

Baba,

Na ji. Ga saƙo nan hannun Hajiya Murja. Kada a bar shi a rana.

Batulu

*

Batulu,

Ƙoƙon man kaɗanya ya iso. Ɗanmalam ya juya takardarki gaba da baya, wai bai ga inda kika ce kin yarda ba. Na ce masa haka uwarki take.

Gobe da safe in Allah ya kai mu zan shafa wa yaron, sannan in ɗebi rabi in kai wa Gajere. Nasa hannun ya fi buƙata.

Mahaifinki,
Sabo