Tsarabar Hirokazu

Memuro, 22 ga Agusta

Yaya Michie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya gwiwar taki? Kada ki ce mini da sauƙi, na san halinki.

Mu dai nan sai gajiya. Mun fara haƙar dankali, ni ce a kan inji ina tsince duwatsu tun safe har yamma, baban Hirokazu kuwa ciwon baya ya hana shi ko ɗaura takalmi. Maƙwabcinmu Okabe ya sake zuwa, yana so mu ba shi hayar gonar kafin ƙanƙara ta sauka. Mutumin naki ya kafe, wai gonar ɗansa ce, ranar da ya gaji da Tokyo zai dawo. Shekara tara ke nan ina jin wannan magana, ni kuwa ƙarfina ya ƙare.

Hirokazu ya zo ziyarar kaburbura, kwana biyu kacal, duk ya rame. Kin san tsarabar da ya kawo? Soyayyen dankalin nan mai tsada na cikin kwali, wanda baƙi ke bin layi a kansa a filin jirgi, ba a sayar da shi ko'ina sai nan Hokkaido. Mu da muke noma wa kamfanin dankalin! Ubansa ya yi ta dariya, yana cewa, "Kai ja'iri, dankalina ka sayo mini?" Shi kuma ya sosa ƙeya, wai sauri ne ya sa shi mantuwa.

Ni ban yi dariya ba, Yaya. Wanda ya taso daga Tokyo tsarabar Tokyo yake riƙowa, kuma yaron nan bai taɓa kuskurewa ba. Na ajiye kwalin gaban hoton marigayiya Inna, na kasa buɗewa, daga baya uban ya rabar wa maƙwabta. Raina bai kwanta ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tomie

Memuro, 9 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin bai taɓa ki ba. Na gode da maganin shafawa, yana ɗan yi wa baban Hirokazu aiki.

Zargin da kwalin nan ya sa mini bai bar ni ba, na je neman Hirokazu inda ake sayar da shi. Na ce wa baban nasa zan ga likitan ido a Sapporo, na hau jirgin ƙasa na sauka filin jirgin Chitose. A shago na huɗu na gan shi, da hula da rigar masu shago, riƙe da faranti yana ba mutane ɗanɗano. Na rasa abin yi, sai kawai na bi layi kamar kowa.

Da ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta yi fari fat. Shugabarsu na tsaye kusa, don haka ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗanɗana mana, dankalin yankinmu ne." Ni da na haife shi! Na karɓa na sa a baki. Shekara arba'in ina noman dankali, amma wannan soyayyen nasu ranar na fara cinsa. Da ɓawonsa suke soya shi, yana ƙaras-ƙaras, gishiri daidai, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji. Abin da ya ƙona mini rai, Yaya, daɗi gare shi.

Da aka ba shi hutu muka zauna a benci. Ya ce shekara uku ke nan da aka sallame shi daga aiki a Tokyo. Tsarabar da yake kawowa duk daga can yake sa a aiko masa, bana ne ya gaji da ƙarya. Na ce, "To dawo gida mana, ga gona tana jiran ka." Sai ya ce, "Mama, ba kunya ce ta hana ni ba. Gonar ce ba na so. Ban taɓa son ta ba."

Na so in yi faɗa, na so in yi kuka, ko ɗaya ban sami ƙarfinsa ba. Na gyara masa wuyan riga na taho.

Kwana uku ina juya abin. In na faɗa wa baban nasa gaskiya, cewa ɗansa na nan kusa, ya gwammace ya rusuna wa baƙi da faranti da ya gaji gonarsa, ban san me zai rage masa ba. Shekaranjiya muna cin abincin rana na ce masa an yi wa Hirokazu ƙarin girma a Tokyo, babban matsayi, ba zai iya dawowa ba. Ya ajiye kwano. Can ya ce, "Na san yaron nan zai kai." Ya ce in ɗauko masa hatiminsa, in kira Okabe. Ya buga a takardar hayar yana murmushi.

Gona ta tafi, ƙaryar da yaron ya sauke kuma ni na ɗauka. In kin zo hutun sabuwar shekara, Yaya, Hirokazu a Tokyo yake. Don girman zumunci kada bakinki ya suɓuce.

Ki huta lafiya.

Taki,
Tomie